Kaka na shirin wucewa, hunturu na bakin ƙofa: me kuke shukawa a bayan gida?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Yau sati uku ke nan da na ɗauki wata al'ada. Da zarar an idar da sallar Asuba an yi azkar, sai in bi ta bayan unguwarmu nan gefen Kumbotso, in miƙi hanyar gonaki har sai na hango bakin kogin Challawa, sannan in juyo. Wallahi abin da nake gani yana sa ni tasbihi. Dawa ta sunkuyar da kai saboda nauyi, gero tuni an ɗaure shi dami-dami, wake na bushewa a jikin kara, raɓa ta jiƙa maka ƙafar wando, ga ƙamshin harawar gyaɗa ko ta ina. Ni dai a ganina duk shekara babu lokacin da ya kai kaka daɗi, kuma babu wanda muke wa riƙon sakainar kashi kamar ta. Muna zaune cikin gari, sai dai mu ji an ce sabon gero ya shigo kasuwa.

Sai tambayata. Ina da ɗan fili a bayan gida, taku goma sha biyu ne a tsaye, takwas a kwance. Da damina na sa kuɓewa da rama da masara, yanzu duk na cire. Ina so in yi tumatir da latas da karas na lokacin sanyi. Ga shi Oktoba ta kusa ƙarewa, ko reno ban zuba ba. Na makara ne? Ku da kuka san harkar, me kuke shukawa yanzu?

Baba_Kadawa:
Wa alaikumus salam. Ba ka makara ba yaro, amma kada ka ƙara sati. Zuba renon tumatir ɗinka gobe in Allah Ya kai mu. Nemi wuri mai sassarin inuwa, ka haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka yi layi-layi da ɗan yatsa, kada irin ya yi zurfi, ka rufa da busasshiyar ciyawa. Ranar da ka ga ya tsiro sai ka yaye ciyawar. Sati huɗu zuwa biyar ya isa dashe, kuma da yamma ake dashe, ba da rana tsaka ba. Karas kuwa ba a dasa shi, inda ka zuba nan zai girma, sai dai ka tsuge shi in ya yi cunkoso. Ka tabbatar ƙasarsa ta yi laushi, babu tsakuwa, in ba haka ba zai fito maka da ƙafa biyu.

Abu_Hanan:
Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Wane iri kuke ganin ya fi?

Baba_Kadawa:
Mu nan UTC da Roma muka fi sabawa da su, suna jure ɗauka. Amma na ci a gida ne naka, kowanne ka samu mai kyau ya yi.

Sadauki_Gusau:
Malam Abu_Hanan ka yi haƙuri, ban yarda da kai ba kan cewa kaka ta fi kowane lokaci. Daɗin nan da kake faɗa na awa biyu ne bayan Asuba. Bari ƙarfe goma ta yi ka ji. Ruwa ya ɗauke, gumi bai tafi ba, iska ta tsaya cak, sauro ya yi yawa, zazzaɓi gida-gida. Zafin kaka ba wasa ba ne. Ni hunturu nake jira, lokacin da mutum zai ja bargo ya yi barci ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke.

Maman_Ikram:
Sadauki ka faɗi gaskiya kan zazzaɓi, yarana biyu sun kwanta a watan nan. Amma mu mata kaka ce lokacin tanadi. Yanzu haka tsakar gidana tabarmi uku ne a shimfiɗe: kuɓewa da na yanka, ganyen rama, da zoɓorodo. Ranar da take damunka ita ce take busar mini da kayan miya cikin kwana uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai shanya yanzu ba zai saya da tsada in bazara ta zo. Shawara ɗaya: zogale kada a shanya shi a rana, a inuwa ake busar da shi, in ba haka ba sai ya koɗe ya rasa korensa.

Dan_Galmi:
Salamu alaikum 'yan'uwa, ina gaishe ku daga jihar Tawa. Mu nan abin da kuke cewa lambu garka muke ce mishi, hunturu kuma ɗari. Da an gama yankan hatsi kowa sai ya gangara fadama. Albasa ita ce dukiyarmu, wadda duniya ta sani da sunan garinmu, ana loda ta manyan motoci har Gana da Kodebuwa. Malam Abu_Hanan, ka bar ma albasa ko fangali guda. Sai dai ita tana son haƙuri, renonta yakan kai sati shida zuwa takwas kahin a dasa, bayan dashe kuma sai ka ƙirga wata ukku da wani abu. In ganyenta ya hwara kwanciya ka yanke mata ruwa kamar kwana goma kahin ka cire, wannan shi ke sa ta daɗe cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ba ta ruɓe ba. Masu gaggawar kai ta kasuwa da ruwa a jiki su ke kuka daga baya.

Hajiya_Lambu:
Dan_Galmi sannu da ƙoƙari. A ƙaramin fili irin nasa ni na fi ba shi shawarar albasa mai lawashi. Yana yanka tana sake tohowa, uwargida ba za ta ƙara aiken yaro sayen lawashi ba har sanyi ya wuce.

Ni shekarata tara ina noma a buhu a cikin gidana a Katsina, don duk tsakar gidan siminti ne. Buhunan taki da na shinkafa nake wankewa, in huda ƙasansu, in cika da jar ƙasa da yashi da kashin awaki da ya kwana biyu. Latas, alayyahu, attaruhu, na'ana'a, duk suna yi. Abin da na koya da wahala shi ne iskar hunturu tana shanye ruwan buhu fiye da na ƙasa. Da safe ka ba shi ruwa, kafin La'asar saman ya bushe ƙayau. Sai na fara rufa bakin buhun da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, kuma na jera su kusa da juna a jikin katangar gabas don ta tare musu iska. Tun daga nan na huta.

Abu_Hanan:
Hajiya wannan dabarar ɓawon gyaɗa ta shige ni, ga shi yanzu ake ta sussuka da ɓarza, kyauta ma za a ba ni.

Nas_Gombe:
Ina so in koma kan yawon da mai tambaya yake yi da sassafe. Yana da kyau ga jiki ƙwarai, musamman masu hawan jini da ciwon suga. Amma don Allah Yaya Abu_Hanan ka daina shiga cikin gonaki da silifa. Lokacin girbi da lokacin shuka su ne muke ganin saran maciji ya fi yawa. Ɓeraye suna bin hatsi, macizai suna bin ɓeraye, suna fakewa ƙarƙashin dami da tarin kara. A yankinmu kububuwa ce ta fi yin ɓarna, ita ce ta sa asibitin saran maciji na Kaltungo ba ya rabuwa da majinyata. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe sanda, in da sauran duhu ka riƙe tocila. In tsautsayi ya faɗa wa wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji ba tare da an tsaya gwaje-gwaje a gida ba.

Abu_Hanan:
Allah Ya saka da alheri 'yar'uwa. Na karɓa. Dama ƙarangiya ta ishe ni, kullum sai na zauna cire ta daga wando.

Bako_a_Manchester:
Jama'a kun tayar mini da kewar gida. Ina karanta zancen raɓa da harawa sai na ji kamar ina hanyar gonar kakana a Malumfashi. Nan ma lokacin da muke ciki muna fassara shi da kaka, amma kamanninsa daban ne. Ganyen itatuwa yana juyewa ya koma ruwan ɗorawa, wani ja kamar an shafa masa lalle, sannan ya zube har ya rufe hanya. Ranar Asabar nakan kwashi yara mu tafi Heaton Park mu yi ta tafiya a cikinsa yana ƙaras-ƙaras. Kyau kam akwai shi, sai dai a ƙarƙashin kyan akwai fargaba, don kowa ya san abin da ke tafe. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan duhu ya fara cin rana. In Disamba ta yi, kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi Magariba. Ka fita aiki da duhu, ka dawo da duhu, Azahar da La'asar da Magariba duk a wurin aiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne lissafinmu da nasu a juye yake. Ku yanzu kuke buɗe lambu, mu yanzu muke rufewa. Na tsinke sauran tumatir ɗina tun suna kore na jera a taga, don daren farko da raɓa ta daskare shi ke nan sun mutu. Abin da ake binnewa yanzu tafarnuwa ce, tana kwana cikin sanyi har ta fito, a cire ta wajen Yuli. Maƙwabciyata wata dattijuwa ce, ita ta koya mini tara ganyen da ya zube a buhu, a bar shi shekara guda ya zama taki mai laushi. Zogalena kuwa yana cikin tukunya a falo kusa da taga, duk ya zubar da ganye, addu'a kawai nake masa.

Maman_Ikram:
Ikon Allah. Magariba kafin ƙarfe huɗu! To ku azumin nafila ai sai lokacin sanyi.

Bako_a_Manchester:
Haka ne Maman Ikram, masu ramuwa duk lokacin suke jira.

Malamin_Gona:
Bako, abin da ke sa ganyen can canza launi shi ne, in rana ta gajarta sanyi ya shigo, itacen yakan janye sinadarin da ke sa ganye kore ya adana amfaninsa a jiki, sai launukan da koren ya danne su bayyana. Namu itatuwan ƙishirwa ce ke sa su zubar da ganye, ba sanyi ba. Dubi kuka, nan da 'yan makonni za ta tsaya tsirara sai 'ya'ya na reto. Amma gawo ya saɓa wa kowa: da damina yake zubar da ganye, yanzu da sauran ke tuɓewa shi kuma yake sa sabuwar riga. Shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, ba ya yi masa inuwa lokacin da yake bukatar rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, dabbobi kuma su zo cin 'ya'yansa da rani su bar kashi a wurin. Abu_Hanan, in ka fita gobe ka duba gawon da ke kan hanyarka, za ka ga ya fara kore.

Game da tumatir kuma, dalilin da ya sa ya fi yi da hunturu biyu ne. Furensa yana son dare mai sanyi kafin ya ƙulla ɗa, in dare ya yi zafi sai furen ya kakkaɓe. Sannan busasshiyar iska tana rage cututtukan ganye da ke addabarsa da damina. Alkama ma haka, shi ya sa ake son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba, don ta sha sanyi sosai kafin zafi ya dawo.

Dan_Damagaram:
Malamin_Gona ka taɓo mu. Tun zamanin sarakunan Damagaram an hana saran gawo, kuma hukuncin mai tsanani ne. Yanzu ma tsakanin Maraɗi da Damagaram manoma sun koma barin tohon itace cikin gona suna gyara shi, abin da muke kira sassaben zamani. Wanda ya bi hanyar Matamaye zuwa Magarya zai ga gonaki cike da gawo.

Sadauki_Gusau:
To kun gani, duk abin da kuke yabo na hunturu ne: tumatir, alkama, albasa, latas. Kaka share fage kawai take yi. Na ci muhawara ko?

Yar_Jos:
Sadauki ka zo Jos a watan Janairu sannan ka faɗi haka. Ruwan randa kamar ƙanƙara, alwalar Asuba sai da ruwan zafi, yara leɓe duk ya fashe. Mu latas da kabeji da karas da dankalin Turawa ba baƙinmu ba ne, har strawberry ana nomawa a wajen Vom. Amma sanyin da ke gyara su shi ke kwantar da tsofaffinmu. Ni tun yanzu na fito da rigunan sanyi na wanke, na sayi man kaɗanya kafin ya yi tsada, don kaushi da faso ba sa sallama.

Nas_Gombe:
Tunda Yar_Jos ta kawo zancen sanyi: don girman Allah kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta tafi da shi. A ji ɗumi, a fitar da kaskon waje, sannan a rufe ƙofa. Masu asma kuma su tanadi maganinsu da takunkumi tun hazo bai sauko ba.

Dalibi_BUK:
Tambaya don Allah, ƙurar hunturun nan daga ina take tasowa ne? Kakata cewa take daga gabas.

Malamin_Gona:
Kakarka ba ta yi kuskure ba, daga arewa maso gabas take zuwa. Mafi yawanta daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, kusa da Faya. A da can ƙasan wani babban tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta yi ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar wurin. Ita ce kake sharewa a kan tebur. Wani kason ma yana ƙetare teku har Kudancin Amurka.

Baba_Kadawa:
Ku bar zancen ƙura ku dawo kan tumatir, akwai abin da ban faɗa wa yaron nan ba. Sharon, wato tsutsar da ke cinye tumatir. Duk wanda ya yi noma a Kadawa da Kura da Bunkure a 2016 ba zai manta ba. Ka kwanta da gona kore, cikin 'yan kwanaki ka ga kamar an bi ta da wuta. Tsutsa ce 'yar mitsitsiya, tana shiga tsakiyar ganye ta yi ta ci daga ciki, shi ya sa feshi ba ya samunta da sauƙi. Ni shekarar nan ko kuɗin taki ban mayar ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga aka jawo mana ruwa ban ga masifa irinta ba. Ta fi ƙarfi in zafi ya fara shigowa, shi ya sa nake ce maka kada ka ƙara sati. Wanda ya dasa da wuri yakan kwashi rabonsa kafin ta taso. Kullum da safe ka duba ganye, in ka ga wani farin zane kamar taga a jikinsa, tsinke shi ka ƙona, kada ka yar a gefe.

Hajiya_Lambu:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni a gida 'ya'yan darbejiya nake dakawa in jiƙa su kwana ɗaya, in tace, in ɗan sa sabulu, in fesa da yamma duk sati. Ba zan ce yana kashe komai ba, amma yana rage ƙwari sosai, kuma hankalina a kwance yake in jikokina suka tsinki abu suka kai baki.

Ummu_Sultan:
Ni matsalata ba ƙwari ba ce, kaji ne da awakin maƙwabta. Bara na zuba latas ya fito gwanin sha'awa, rana ɗaya aka bar ƙofa a buɗe. Ban ma iya ba da labarin ba. Bana sai da na sa aka kawo mini karan dawa aka yi shinge tukuna. Kuma ku yi hattara da iri, na taɓa sayen na karas a kasuwa a ƙulle a leda, ko ɗaya bai tsiro ba. Yanzu kafin in zuba sai na ɗauki ƙwaya goma na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na kwana biyar zuwa bakwai in ga nawa za su fito.

Dan_Galmi:
Wannan gwajin na tsumma shi mu ma muke yi. Sadauki kuma, kai da ke son ɗari, ka shigo Nijar lokacin kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, ka ga yadda ake cin moriyar kaka. Sai rumbu ya cika ake kokowa da dambe da aure. Mai yunwa ba ya shiga hili.

Sadauki_Gusau:
Wannan kam na sallama maka Dan_Galmi. Amma zafin Oktoba yana nan inda na ajiye shi.

Bako_a_Manchester:
Wani abu da ke sanyaya mini rai in kewa ta taso: tsuntsayen da suke barin nan Turai yanzu, wasunsu wajenku suka nufa. Suna ƙetare Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru su yi hunturu a can. In na ga sun yi ayari sun nufi kudu sai in bi su da kallo har su ɓace. Abu_Hanan, shamuwa ta tafi?

Abu_Hanan:
Ta tafi Malam Bako, sheƙarta ce kawai a kan tsamiyar bakin masallacinmu. Balbela ce ta rage tana bin shanun Fulani da suka fara shigowa gonakin da aka girbe.

Ga rahoto ga Baba da kowa. Jiya bayan La'asar na zuba renon tumatir da na latas, na rufa da ciyawa kamar yadda aka ce. Na ware fangali biyu na karas, ɗaya na albasa mai lawashi, an kuma yi mini alƙawarin buhu biyu na ɓawon gyaɗa. Yau na fita da takalmi rufaffe da sanda. Malamin_Gona, na tsaya a gindin gawon da nake wucewa kullum ban taɓa ɗaga kai ba, ya fara fitar da ganye kuwa, sabo fil. Da na juyo wajen ƙarfe bakwai na lura gabas ta yi fari-fari, rana ta fito ba ta da kaifi, hancina kuma ya ɗan bushe. Ina jin hunturu ya kusa.

Saura abu ɗaya. Ruwan rijiyarmu da safe yana da ɗumi, na tanki kuma sanyi ƙalau. Wanne ya fi dacewa da reno, kuma sau nawa a rana?

Baba_Kadawa:
Na rijiya. Safe da yamma, da gwangwani mai huji, kada ka kwara da bokiti ka tone irin. In saura sati ɗaya dashe ka rage masa ruwa ya ɗan sha wuya, zai fi kama ƙasa.

Hajiya_Lambu:
Latas ɗin kuma ka sa masa ido da tsuntsaye, suna gama shi tun yana ganye biyu. Tsohon gidan sauro ka samu ka rufa a kai.

Ummu_Sultan:
Shingen fa, Malam? Ban ji ka ambaci shinge ba.